Ciwon Baya Da Ya Ƙi Warkewa: Yadda Yake Taɓa Zuciya Da Tunani

'Yan'uwa, a kusan kowane ƙauye akwai mutanen da ciwon baya ko na kwankwaso ya zame musu abokin zama. Akwai manomin da ba ya iya gama kunya biyar sai ya dafa fartanya ya miƙe da ƙyar. Akwai uwar da ta yi shekaru tana daka, tana ɗaukar itace da ruwa a ka, yanzu ko tsugunawa bakin murhu ya zama mata aiki. Yawancinmu mun san ciwon jikin. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne yadda irin wannan ciwo yake canza halin mutum. Mai fara'a ya koma mai saurin fushi, mai son taro ya daina fita, barci ya ƙaurace masa. A wannan fitowa muna so mu bayyana dalilin haka, da abin da mai ciwon, da iyalinsa, da jama'a za su iya yi.

Wane ciwo ake kira mai daɗewa?

Ciwo iri biyu ne. Akwai na ɗan lokaci, kamar idan lauje ya yanke mutum ko ƙaya ta soke shi. Wannan ciwo yana da amfani, domin gargaɗi ne cewa a kula da wurin. Da zarar rauni ya warke, shi ma sai ya tafi. Akwai kuma wanda yake ci gaba, ko yana tafiya yana dawowa, har fiye da wata 3. Shi ne ma'aikatan lafiya suke kira ciwo mai daɗewa. A sabon jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a shekarar 2022, an ba shi gurbinsa a matsayin matsalar lafiya mai zaman kanta.

Ciwon baya ne ya fi yawa a cikin irin waɗannan. Hukumar ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma babu wata cuta da ta fi shi hana mutane aikinsu. A wajen mutum 9 cikin 10 ba a samun wata takamaiman cuta da za a nuna a ce ga ta. Wannan ba ya nufin mutumin ƙarya yake yi. Hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti ƙashi yake nunawa, ba ya nuna zafi. Akwai tsofaffi da yawa da hotonsu zai nuna ƙashin baya ya ci, amma ba sa jin komai. Akwai kuma wanda hotonsa lafiya lau, shi kuwa ba ya iya barci don azaba.

Yadda jiki yake jin ciwo

Idan wani wuri a jiki ya ji rauni, jijiyoyi suna ɗaukar saƙo zuwa lakar da take cikin ƙashin baya, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce take auna saƙon, ta haɗa shi da abin da mutum yake tunani da abin da yake tsoro, sa'an nan a ji zafi. A shekarar 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa. Tana iya buɗewa sosai saƙon ciwo ya wuce da yawa, tana kuma iya tsukewa ya wuce kaɗan. Shi ya sa idan mutum ya buge gwiwar hannu yakan yi maza ya murza wurin, kuma zafin ya ragu.

Fargaba, rashin barci, ɓacin rai da kaɗaici suna buɗe wannan ƙofa. Ɗumi, tausa, motsa jiki, hira da aikin da mutum yake so suna rage ta. Kowa ya san ciwo ya fi tsanani da tsakar dare, lokacin da gida ya yi shiru kuma ba abin da ya rage sai tunani.

Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da kansu sukan ƙara saurin ji. Mu ɗauki misalin kare mai gadi wanda ɓarayi suka taɓa tsorata. Bayan ɓarayin sun tafi, ko ganye ya motsa sai ya kama haushi. Haushin na gaske ne, yana kuma hana gida barci, amma babu ɓarawo. Haka jijiyoyin mai ciwo mai daɗewa sukan zama. Rauni na farko ya riga ya warke, amma ɗan sunkuyo kaɗan yana tayar da zafi mai yawa. Sanin wannan yana da amfani, domin yana nuna mana cewa ba kowane zafi ne yake nufin baya yana ƙara lalacewa ba.

Ciwo da damuwa suna ciyar da juna

A shekarar 1998 aka buga sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi a wurare 15 cikin ƙasashe 14, har da Ibadan. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka rubuta shi. An gano cewa wajen mutum 22 cikin 100 na masu zuwa ƙananan asibitoci suna da ciwon da ya daɗe, kuma yiwuwar su kamu da ciwon damuwa ko na fargaba ta ninka ta sauran mutane wajen sau 4.

Ga yadda abin yake faruwa a ƙauye. Ciwo ya hana manomi shiga gona a kan kari. Ciyawa ta cinye amfani, rumbu bai cika ba. Kuɗin makaranta ya gagara, an sayar da akuya an sayi magani. Da dare ya kwanta yana lissafi, barci bai zo ba. Wanda bai yi barci ba kuwa, washegari ciwonsa ya fi tsanani. Saboda tsoron kada ya ƙara ɓata bayan, sai ya daina motsi, tsokoki su yi rauni, gaɓoɓi su sandare. Ya daina zuwa kasuwa da gaisuwar makoki, abokai su ragu. Daga nan sai ya soma ganin kansa kaya ne a wuyan iyali. Kowane mataki yana ƙara wa na gaba nauyi.

A cikin ƙwaƙwalwa ma hanyarsu ɗaya ce. Sinadaran da suke daidaita farin ciki da barci, wato sirotonin da noradiranalin, su ne kuma suke taimakon jiki ya rage zafin ciwo. Don haka ciwo yana iya jawo damuwa, damuwa kuma tana iya ƙara ciwo. Wani lokaci damuwar ce take fara zuwa. A wurinmu ba kasafai mutum yake cewa yana baƙin ciki ba. Sai ya ce jikinsa duk ciwo, kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu yana yawo a jikinsa. Sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, abin bai tafi ba.

Alamun da za mu lura da su

Idan mai ciwo ya yi mako 2 ko fiye yana nuna yawancin waɗannan alamu kusan kullum, mai yiwuwa ciwon damuwa ya shiga:

- Baƙin ciki ko yawan kuka, ko saurin fushi da ba halinsa ba.
- Ya daina jin daɗin abin da yake so a da, kamar hira, waƙa ko wasa da jikoki.
- Barci ya lalace, yana farkawa tun kafin zakara ya yi cara.
- Ba ya cin abinci, yana ramewa.
- Gajiya ko da bai yi aiki ba, da yawan mantuwa.
- Yana cewa ba shi da amfani, ko gara ya mutu ya huta.

Wannan ta ƙarshe kada a ɗauke ta wasa. A zauna da shi a tambaye shi a fili, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin ƙwari, maganin ciyawa da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kulle su, a kai shi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da maganin gona suke yi, yawancinsu a karkara.

Ciwon damuwa cuta ce da take da magani, ba hauka ba ce. A shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne suke da ita a duniya. A Najeriya, a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince da haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya na samun kulawa cikin mutunci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa na Jos da Zariya suna da sashen wannan aiki. Amma wurin farawa shi ne asibiti mafi kusa.

Ciwon bayan da ba a jira da shi

Ko da yake yawancin ciwon baya ba shi da haɗari, akwai wanda yake bukatar likita da sauri:

- Ƙafafu suna mutuwa ko suna rasa ƙarfi.
- Fitsari ko bayan gida yana zuba ba da sani ba, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu. Wannan na gaggawa ne, a tafi a ranar.
- Zazzaɓi, zufar dare, ramewa, ko ƙashin baya ya soma yin doro. Tarin fuka yana iya kama ƙashin baya, kuma ana warkar da shi idan an fara magani da wuri.
- Ciwon ya fara bayan faɗuwa daga itace, babur ko rufin ɗaki.
- Ciwon ba ya sauƙi ko a kwance, musamman ga tsoho ko wanda ya taɓa yin ciwon daji.
- Ga mace, ciwon mara tare da zubar ruwa mai wari ko jinin da ba na al'ada ba.

Mai sikila shi ma ciwonsa daban ne, kada a tsaya yi masa tausa a gida idan ciwon ya tashi da ƙarfi.

Abin da yake taimakawa

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon baya mai daɗewa. Abubuwan da ta sa a gaba su ne ilimantar da mai ciwo, motsa jiki, tausa da aikin masu gashin ƙashi na asibiti, da taimako ta hanyar tattaunawa. Ta ce kada a dogara ga ɗamarar baya, ta kuma hana amfani da magunguna masu ƙarfi irin su tiramadol don wannan ciwo. Yawancin abin da ta ba da shawara ana iya farawa a gida ba tare da kuɗi ba.

Na farko, kada a daɗe a kwance. Idan ciwo ya tashi, hutun kwana 1 ko 2 ya isa. Bayan haka a soma tafiya a ƙasa mai laushi, minti 10 safe da yamma, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako har a kai minti 30. Da safe kafin a tashi, a kwanta rigingine a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, a riƙe kaɗan, a saki, a yi da ɗayar. Ɗan zafi lokacin motsi ba laifi ba ne, in dai ya lafa bayan an huta.

Na biyu, a raba aiki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ranar da jiki ya yi sauƙi sai a yi aikin kwana uku a yini ɗaya, sa'an nan a kwanta mako guda. Idan ciwo yakan tashi bayan minti 30 na sunkuyo, a miƙe a minti 20, a dafa kwankwaso a ɗan lanƙwasa baya, a taka kaɗan, a koma. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi haka yakan gama aiki fiye da wanda ya yi gaggawa.

Na uku, a gyara yadda ake ɗaukar kaya. Jarka mai lita 25 nauyinta ya kai kilo 25. A raba ruwan gida biyu, ko a sa a baro ko amalanke. Wajen ɗaga buhu a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, kada a murɗa kwankwaso da kaya a hannu. Fartanya mai dogon ƙota tana rage sunkuyo. Mata su ɗaga murhu da wurin wanke-wanke sama kaɗan, ko su zauna a kujera.

Na huɗu, a kula da barci. A kwanta a tashi a lokaci ɗaya kullum. A rage goro da shayi da yamma. Giya da burkutu suna sa mutum ya yi barci da wuri, amma suna farkar da shi da tsakar dare, suna kuma ƙara damuwa. Taba ma tana cikin abubuwan da suke ƙara ciwon baya. Tsumma mai ɗumi a kan kwankwaso da matashi tsakanin gwiwoyi suna taimakawa. Idan tunani ya taso, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali ta baki, sau 10.

Na biyar, a faɗa wa wani. Damuwar da aka ɓoye nauyi take ƙarawa.

Hattara da magunguna

Farasitamol mai miligiram 500, babba kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24, domin fiye da haka yana lalata hanta. Ibuprofen, diclofenac da piroxicam suna rage ciwo, amma shan su kullum na watanni yana kawo gyambon ciki, zubar jini a ciki da ciwon ƙoda. A sha su bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai, kada kuma a haɗa biyu a lokaci ɗaya. Mai ciki, mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da tsofaffi su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

A guji haɗin ƙwayoyi da masu talla suke ƙullawa a leda ranar kasuwa. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Suna sa mutum ya ji ƙarfi na ɗan lokaci, amma idan an daɗe ana sha fuska takan kumbura, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni.

Tiramadol ya shiga ƙauyukanmu da sunan maganin gajiyar noma. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Tiramadol yana kama mutum, jiki ya riƙa neman ƙari, yana kuma iya kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Wanda ya riga ya saba kada ya yanke dare ɗaya. Ya je asibiti a rage masa a hankali, mu kuma kada mu kunyata shi.

Wani lokaci likita yakan ba da amitriptyline kaɗan da dare. Maganin damuwa ne wanda kuma yake rage ciwon jijiya. Ba ya aiki nan take, sai bayan makonni, yana kuma busar da baki. Ba a sayensa a kemis bisa shawarar maƙwabci, kuma a ajiye shi nesa da yara. Tsaga da ƙaho da kayan da ba a dafa ba kuwa suna iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Aikin iyali da jama'a

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Taimako na farko shi ne mu gaskata mai ciwo. Kalmomi irin su "ragwanci ne" ko "ka cika raki" suna ƙara masa ciwo a zahiri. Haka kuma gaya masa cewa zunubinsa ne, ko rashin bangaskiya, ko wani dangi ne ya yi masa sammu. Wannan yana ɗora masa laifi a kan ciwo, yana kuma raba gidaje. Mu tuna abokan Ayuba. Kwana 7 da suka zauna tare da shi shiru sun fi masa amfani a kan dogayen jawaban da suka yi daga baya suna neman laifinsa. Mu yi addu'a tare da mai ciwo, mu kuma raka shi asibiti.

Kada kuma tausayi ya sa mu karɓe masa dukan aiki. Wanda ba ya iya huɗa yana iya zaɓen iri, kiwon kaji, saƙar tabarma, riƙe littafin adashi ko koya wa yara. Mutum yana bukatar ya ga ana bukatarsa. Aikin da ya fi ƙarfinsa, kamar huɗa da ɗaukar amfani zuwa gida, matasa su yi masa gayya. A majami'a a tanadi kujera mai majingina, a bar shi ya tashi ya miƙe in ya gaji. A tuna da mai jinya ma, wadda sau da yawa mata ce ko 'ya, domin ita ma tana gajiya.

Akwai misali daga ƙasar Zimbabuwe. A shekarar 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara koya wa tsofaffin mata a birnin Harare yadda za su zauna a benci kusa da ƙananan asibitoci su saurari masu damuwa. Suna taimakon mutum ya jera matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, ya nemi matakin da zai iya ɗauka a makon. A binciken da aka buga a 2016, bayan wata 6 mutum wajen 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin suke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa wajen 50 cikin 100. An horar da matan, akwai kuma ma'aikatan lafiya da suke miƙa wa waɗanda abin ya yi wa tsanani. Zumuntar mata da dattawa suna iya neman ma'aikacin lafiya na yankinsu ya koya musu irin wannan sauraro. Sharaɗinsa shi ne riƙon asiri. Abin da aka ji a ziyara ba a kai shi bakin rijiya, ba a kuma sanar da shi a taro sai da izinin mai shi.

Ba kowane ciwo mai daɗewa ne yake tafiya gaba ɗaya ba, gaskiya ke nan. Amma mutane da yawa da suka bi waɗannan matakai sukan koma barci, su koma gona gwargwadon ƙarfinsu, su koma cikin jama'a.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Waɗanne ayyuka ne a ƙauyenmu suka fi kawo ciwon baya ga maza, waɗanne ga mata? Me za mu iya canzawa kafin damina mai zuwa?
2. Waɗanne kalmomi mutanenmu suke amfani da su idan suna cikin damuwa?
3. A ina ake ajiye maganin ƙwari da na ciyawa a gidajenmu? Akwai kulle?
4. Wa ya daina fitowa taro saboda ciwo, kuma su wa za su ziyarce shi a wannan mako?